Ƙarfe a ƙafa, roba a hannu: tambayoyin da mutane ke yawan yi min kan kayan asibiti

Ni dai ba likita ba ne, tun farko in faɗa. Aikina a ɗakin wanke kayan tiyata da dafa su yake, a wani asibiti nan cikin Sakkwato, na kai shekara goma sha ina yi. To amma ka san halin unguwa, da an ji asibiti kake aiki shikenan ka zama dokta, duk wanda anka ce za a sa ma ɗan uwansa ƙarfe ni yake tsayarwa bayan isha'i a ƙofar masallaci. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na ce bari in tara su wuri ɗaya. Abin da ya shafi jikinka kai kanka kuwa, likitan da ya duba ka shi ke da magana.

Wai kayan asibiti da me ake yin su, ba ƙarfe da roba ne irin na kasuwa ba?

Sunan ne ɗaya amma abin ba ɗaya ba. Cikin jikin mutum wuri ne mai ruwa, mai gishiri, mai ɗumi digiri 37 dare da rana. Ka ɗauki ƙusa ka jefa a ruwan gishiri mai ɗumi ka dawo bayan sati ka gani, to ka ga kenan ba kowane ƙarfe zai zauna a cinyar mutum shekara ashirin ba. Sannan jiki ba ya son baƙo, da ya ji abin da ba nasa ba sai ya tashi faɗa, kumburi ne, ruwa ne, zazzaɓi ne.

Don haka masu ƙera kayan nan abin da suke fara dubawa shi ne ina abin zai taɓa, kuma kwana nawa zai yi. Wanda zai tsaya kan fata kamar filasta daban, wanda zai shiga ya fita kamar allura da kanula, wato robar ƙarin ruwa, daban, wanda zai zauna sai mutuwa kamar ƙwayar da ake sawa a ido shi ma daban. Kusan duk amsoshin da ke ƙasa a kan wannan suke juyawa.

Ƙarfen da ake sa ma wanda ya karye, ba ya yin tsatsa a ciki?

Wanda aka fi sawa a nan wajenmu sitil ne marar tsatsa da ake kira 316L. Ƙarfe ne da anka gauraya da kuromiyom kamar kashi 18 cikin 100, da nikel wajen kashi 14, da ɗan molibdinom kashi 2 zuwa 3. Kuromiyom ɗin nan shi ne sirrin, da ya haɗu da iska sai ya yi wata 'yar fata a saman ƙarfen wadda ido ba ya gani, ita ke hana ruwa isa ga ƙarfen, ko an karce ta sai ta sake yin kanta. Molibdinom kuma shi ke taimakonsa jure gishiri.

Amma kar a ce ba abin da ke cin sa. Akwai wani yaro da anka kawo mana sabo, ya jiƙa almakashi da hantsaki a ruwan bilic ya manta da su har safe, alhali minti 10 ne ƙa'idar da anka koya mana. Da munka zo munka tarar duk jikinsu ya yi ɗigo-ɗigo baƙi kamar wanda ya yi ƙyanda, in ka sa farce kana jin ramin. Waɗannan sun tashi aiki kenan, don cikin 'yan ramukan nan datti ke maƙalewa burushi bai kai gare shi. Gishirin jikin mutum bai kai ƙarfin bilic ba ko kusa, shi ya sa ƙarfen ke daɗewa a ciki lafiya lau.

Likita ya ce akwai na sitil akwai na taitaniyom, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. Wanne za mu ɗauka?

Taitaniyom ya fi sauƙin nauyi, bai wuce rabin nauyin sitil da kaɗan ba, kuma yana ɗan lanƙwasawa ya bi ƙashi, ba ya sandarewa kamar sitil. Wanda aka fi yin kayan ƙashi da shi ana haɗa shi da alminiyom kashi 6 da banadiyom kashi 4. Babban abin mamakinsa shi ne ƙashi na manne masa kamar nasa. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Branemark shi ya gano haka a 1952, ya sa ɗan guntun taitaniyom a ƙashin zomo yana wani bincike daban, da ya zo cirewa abu ya ƙi fita. Daga nan dashen haƙori na zamani ya samo asali, ya yi ma mutum na farko a 1965.

To amma wai mai tsada shi ne mai kyau kullum, a'a. Ɗan kabu-kabu mai shekara 25 da ya karya ƙwauri, sitil ya ishe shi ƙashi ya haɗe, kuma ranar cirewa sitil ya fi fita da sauƙi tunda ƙashi bai rungume shi ba. Inda taitaniyom ya fi shi ne ƙashin baya, da fuska da muƙamuƙi, da wanda ake ganin zai ta yawan shiga na'urar hoton jiki ta MRI, da kuma wanda jikinsa ba ya son nikel. Mata sun san wannan, wadda in ta sa ɗan kunne mai arha sai kunnen ya yi ƙaiƙayi ya fara ruwa, ko wanda bayan agogo ke sa ma ƙuraje, to ya faɗa ma likita tun kafin aiki. Abu ɗaya da ba a yi shi ne a haɗa ƙarfen sitil da notin taitaniyom wuri ɗaya haka kawai, ƙarfe biyu mabambanta a cikin ruwan gishiri ɗaya na iya cin ɗaya.

Da gaske ne ƙarfen yana ciwo da hunturu? Kuma wai yana jawo tsawa?

Wani dattijo daga ƙauye da anka sa ma ƙarfe a cinya ya taɓa riƙe hannuna a baranda ya ce “ɗana, in damina ta kama ni mi za ni yi, gona nika kwana, kar aradu ta bi ƙarhen nan ta same ni.” Na ce Baba, fartanyar da ke kafaɗarka ta fi wanga ƙarfe girma. Ƙarfen da ke cikin nama ba ya jawo tsawa, abin da ke jawo ta shi ne tsayuwa a fili ko gindin itace lokacin hadari, da ƙarfe ko babu.

Maganar sanyi kuwa mutane da yawa suna faɗa kuma ba ƙarya suke ba. Ƙarfen da ke can ciki ɗuminsa ɗaya da jiki, amma wanda ke dab da fata kamar na idon sawu ko wuyan hannu yana iya ɗaukar sanyi da asubar Janairu. Tsohuwar karaya ma ko ba ƙarfe tana motsawa da hunturu, masu ɗorin gida ma suna kuka da ita. A sa safa a rufe wurin. In kuwa ciwon ya zo da kumburi da ja da ruwa, ba hunturu ba ne, a koma asibiti.

Maniyyata kuma, babban ƙarfe irin na kwatangwalo ko gwiwa yana sa na'urar filin jirgi ta yi ƙara. Ku karɓi takardar likita tun kafin ku je filin jirgin Sultan Abubakar na III, ta fi dogon bayani a Jidda.

Dole ne sai an cire shi daga baya?

Ba dole ba ne. Siririyar wayar da ake bari ta leƙo waje a hannu ana zare ta bayan sati 3 zuwa 6. Babban ƙarfe mai noti kuwa in za a cire yawanci sai an shekara ko shekara da rabi, hoto ya nuna ƙashi ya haɗe sarai. Yara an fi cire musu don suna girma. Babba in bai damunsa da yawa barinsa ake, tunda cirewar ma wata tiyatar ce da nata kuɗin da nata haɗarin.

Kwatangwalo da gwiwa na roba ba a cire su sai in sun lalace, don su ba ɗori suke ba, su ne gaɓar kanta. Kan na ƙarfe ne ko tangaran, yana juyawa cikin wani ƙoƙo na roba mai tauri. Likitan Ingila John Charnley da ya fara da robar Teflon sai ta dinga cinyewa cikin 'yan shekaru, a 1962 ya koma wata irin foliyetilin mai ƙarfi, danginta ake amfani da su har yau. Kuma ana tambayata in mutum ya rasu da ƙarfe a jiki fa, to ba a buɗe mamaci don a ciro, da shi ake masa sutura.

An tura ni MRI kuma ina da ƙarfe, zai fizge shi?

MRI maganaɗisu ne ƙato, irin mai ƙarfin tesla 1.5 ya ninka maganaɗisun ƙasa kamar sau 30,000, kuma ko ba kowa a ciki a kunne yake. Taitaniyom bai san da zamansa ba. Sitil ɗin ƙashi na zamani shi ma yawanci ana shiga da shi, sai dai yana ɓata hoton wurin da yake. Waɗanda ake jin tsoro su ne mai batirin zuciya, da mai na'urar ji da anka dasa a kunne, da mai harsashi ko ɓarɓashin ƙarfe a jiki. Masu walda da maƙera ku faɗi sana'arku ko ba a tambaya ba, ɗan tsinken ƙarfe da ya shiga ido shekara biyar baya yana iya motsawa. Hoton ƙashi na yau da kullum da sikanin ciki su ba ruwansu da wannan.

Allurar da ake bari a hannu don ƙarin ruwa, ba za ta karye ta bi jini ba?

Babu allura a ciki Inna. Allurar jagora ce kawai, da ta huda jijiya sai a zare ta a jefar, abin da ya rage siririyar roba ce mai laushi ta foliyuretan ko dangin Teflon. Kalar kanta girmanta take nunawa, rawaya ta jarirai, shuɗiya ta yara da masu ƙananan jijiya, ruwan hoda ta manya, kore ta ƙarin jini da tiyata. Kwana uku ko huɗu ta saba yi, in wurin ya yi ja ko yana zafi a kira nas ko kwananta ɗaya.

In na tafasa sirinji sosai ba zan iya sake amfani da shi ba? Da can ai haka ake yi.

Da can na gilashi ne, kuma ko da can ɗin an sha wahala. A Masar daga shekarun 1950 zuwa 1980 an yi ta yi ma mutanen karkara allurar tsargiya layi-layi da sirinjin gilashi da ake maimaitawa, abin da ya bar musu ciwon hanta nau'in C fiye da kusan kowace ƙasa a duniya, sun daɗe suna fama kafin su shawo kansa. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B kuwa tana kai sati guda da rai a busasshen jini.

Ruwa in ya tafasa digiri 100 yake tsayawa ko za ka ƙarar da itacen gidanku. Tukunyar da muke dafa kayan tiyata tururi take matsewa har digiri 121 na minti 15 zuwa 20, ko 134 na 'yan mintoci, kuma muna manna wani tef mai zane a kan ƙunshin, in zanen bai koma baƙi ba a sake. Sirinjin yanzu roba ce ta folifurofilin, ramin allurar kuma ya yi ƙanƙanta ba abin da ke wanke cikinsa. A kamfani da iskar gas ko da haske mai ratsa leda ake kashe ƙwayoyin cutarsa bayan an rufe shi, da ka yage ledar nan aikinsa sau ɗaya ne. Shi ya sa na rigakafin yara anka yi shi yana kulle kansa. Wannan magana har askar wanzami da ƙahonsa da rezar mai yankan farce ta shafa, kowa ya je da tasa.

Me ya sa safar hannu ke sa wasu ƙaiƙayi, kuma robar fitsari kala-kala ce?

Farar safar da aka sani daga ƙaron itacen roba ake yin ta, irin wanda ake nomawa a Edo da Delta da Kuros Riba. Akwai wani furotin a cikin ƙaron da jikin wasu ba ya so, daga ƙaiƙayi har sarƙewar numfashi, kuma hodar da ake barbaɗawa ciki tana ɗauke shi ta watsa, har Amurka ta hana safa mai hoda a 2017. Shuɗiyar nan nitiril ce, ba ƙaro a cikinta. In ka san balan-balan na kumbura maka leɓe, ka faɗa kafin a taɓa ka.

Robar fitsari mai ruwan ɗorawa ita ma ta ƙaro ce, ta ɗan lokaci ce. Fara garai mai ɗaukar ido silikon ce, ta fi tsada amma tana iya kaiwa sati 12, kuma ba ta saurin toshewa. Masu jinyar tsoho a gida ku lissafa, sau da yawa mai tsadar ce mai arha in ka haɗa da kuɗin zirga-zirga. Kuma don Allah kar a shafa basilin ko man gyaɗa a jikin ta ƙaro, mai yana cin ta, akwai jel na ruwa da anka yi don haka.

Zaren da aka ɗinke ni da shi wai narkewa yake?

Ya danganta. Na ciki yawanci mai narkewa ne, irin su Vicryl da jiki ke shanyewa cikin wata biyu zuwa biyu da rabi. Akwai tsohon yayi da ake yi da hanjin tumaki ko na shanu, kuma ba Bature ya fara ba, Az-Zahrawi likitan Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu wajen 1013 yana ɗinkin ciki da zaren hanji. Baƙi ko shuɗin da kike gani a fata mai kama da zaren kamun kifi nailan ne ko Prolene, shi ba ya narkewa sai an cire, na fuska kamar kwana 5, na ciki 7 zuwa 10, na kan gaɓa sati biyu. Kafin a sallame ku ku tambaya wane iri ne, na sha ganin wadda ta zauna wata guda tana jiran nailan ya narke.

Ya halatta a sa ma Musulmi irin waɗannan abubuwa a jiki?

Fatawa ta malamai ce, amma akwai hadisin da kowane ɗalibi ya sani a Abu Dawuda da Tirmizi, na Arfaja ɗan As'ad da anka yanke ma hanci a wani yaƙin jahiliyya, ya yi na azurfa sai ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya yi na zinari. Ni abin ma da ke burge ni, azurfa tana sauyawa in ta zauna cikin danshi, zinari kuwa ba ya yi, wato dai maganar da munka fara da ita ce.

Inda ake tsayawa a yi tambaya shi ne abin da anka samo daga dabba. Murfin zuciya da ake canza ma mutum akwai na alade, akwai na saniya, akwai na kabon mai tauri wanda ba dabba a ciki, sai dai shi mai shi zai sha maganin tsinka jini har ƙarshen ransa. Ka tambayi likita daga me anka yi kuma akwai madadi ko babu, sai ka kai ma malaminka cikakken bayani, don hukuncin larura da na zaɓi ba ɗaya ba ne.

Me ake sawa a ido bayan an cire yana? Wasu sun ce idon dabba ne.

Ba dabba ko ɗaya, roba ce garai 'yar ƙarama da ba ta kai ƙwayar wake ba. Lokacin yaƙin duniya na biyu wani likitan ido a Landan, Harold Ridley, ya lura matuƙan jirgin yaƙi da ɓarɓashin robar tagar jirgi ya shiga idonsu, idon bai tashi faɗa da ita ba. A 1949 ya sa ƙwayar farko da irin wannan roba. Yanzu akwai mai laushi da ake naɗewa a tura ta ƙaramar kafa ta buɗe a ciki. Ba ta ƙarewa, ba a canza ta. In gani ya sake yin hazo bayan shekaru, jakar da take zaune ciki ce ta yi duhu, da hasken leza ake gyarawa cikin mintoci. Masu ture yana da tsinke a ƙauye ba abin da suke mayarwa a gurbin, shi ya sa ko an dace gani ba ya dawowa daidai.

Farin simintin da ake ɗaure karaya da shi, shi ne POP na silin?

Dutsen ɗaya ne, jifsam, kuma akwai shi a ƙasarmu wajen Dange da Shuni. Ana gasa shi ruwan jikinsa ya fita ya zama gari, in an jiƙa sai ya koma dutse yana fitar da ɗumi. Na asibiti ya fi tsabta da laushi kuma a jikin bandeji yake zuwa. Yana kamawa cikin mintoci amma bushewa sarai sai kwana ɗaya zuwa uku, kar a taka kafin nan, kuma ruwan alwala na lalata shi. In yatsu sun kumbura, ko sun yi baƙi, ko ba ka jin su, ko ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, a koma a daren nan kar a jira safe. Haka in karan mai ɗori ne ya matse.

Ashanar hannu da robar mahaifa na tazarar haihuwa fa, da me aka yi su, suna yawo a jiki?

Implanon sanda ɗaya ce ta roba mai laushi, tsawonta santimita 4, tana sakin magani kaɗan-kaɗan shekara 3. Jadelle biyu ce ta silikon, shekara 5. Ta mahaifa mai siffar T roba ce da anka naɗe da jan ƙarfe, ba maganin hormon a cikinta, jan ƙarfen ne ke aikin har shekara 10. Matsawa daga wurinsu abu ne mai wuya ƙwarai, kuma sabuwar Implanon da ta mahaifar duk an sa musu wani sinadari da ke sa su fito a hoto in an neme su an rasa. Ki riƙa shafa hannun kina jin ta, ranar da ba ki ji ba ki je a duba.

In an rubuta min kaya in sayo a kyamis, me zan duba?

Juya ledar ka karanta bayanta. Ka nemi lambar NAFDAC, hukumar da tun 1993 kayan asibiti ke ƙarƙashinta ba magani kaɗai ba. Lamba 2 a cikin da'ira an ja mata layi tana nufin sau ɗaya, duba amsar sirinji. Ɗan hoton agogon yashi shi ne ranar ƙarewa. STERILE da EO ko R a gefe yana nuna an kashe ƙwayoyin cuta, amma in ledar ta huje ko ta taɓa jiƙewa ta bushe wannan rubutun ya tashi banza.

Sai zafin garin nan. A Afrilu muna wuce digiri 40, shagon kwano kuwa ya fi haka, alhali yawancin tsinken gwajin suga an rubuta kar ya wuce 30. Na taɓa buɗe kwalin safar hannu da ya yi bazara a sito, duk sun manne da juna, kana ja suna yagewa kamar danƙo. Mai ciwon suga kar ya bar tsinkensa a aljihun mota ko ƙarƙashin sirdin babur, kuma ya rufe kwalbar da ya ɗauki ɗaya.

Ma'aunin zafi na gilashi ya fashe a ɗaki, ya zan yi?

Abin da ke gangarawa kamar azurfa zaiba ce, tururinta guba ne, shi ya sa yarjejeniyar Minamata ta sa ƙasashe su daina yin irinsa. A fitar da yara, a buɗe taga, kar a share da tsintsiya don watsa ta take. A tattara da kwali ko katin waya a zuba a kwalba mai murfi, ƙananan a ɗauke su da salatif, tabarmar da ta zuba a kai kuma a fitar da ita waje. Sai a sayi mai batir.